Yaushe Za a Fara Waƙar?

A ƙarƙashin gadona akwai wani kwali ɗaure da igiya. A cikinsa akwai faifan CD guda 212, ragowar 300 da na buga a shekarar 2016. Kiɗa ne zalla, minti 47, babu muryar mutum ko ɗaya a ciki. Shekara uku na kwashe ina haɗa shi a wani ɗan ɗaki a Zangon Tamale, kullum bayan na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa. Albashina ya tafi a kansa, barcina ya tafi a kansa, ya kuma kusa tafiya da abin da ya fi su tsada. Na daɗe ba na son a taɓo mini maganarsa. Yanzu da zafin ya huce, na ga ya kamata in faɗi abin da na koya, ko wani yaro da ke rungume da jita a ɗaki, a Tamale ko Kumasi ko Kano, zai tsinci abin amfani.

Tushen abin kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi zaman Landan. Da ya dawo gida a 1996 dangi sun sa ran ganin mota, shi kuwa akwatin ƙarfe ya sauke, cike da faya-fayan garmaho. Ina ɗan shekara 13 a lokacin. Biyu daga cikinsu suka kama ni. Na farko yana da zanen giwa mai fukafukai a bango: faifan Osibisa ne na 1971, ƙungiyar da 'yan Ghana uku, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, suka kafa da abokansu a Landan a 1969. Roger Dean, wanda ya zana giwar, shi ne ya ci gaba da zana bangon faya-fayan ƙungiyar Yes, ɗaya daga cikin jiga-jigan salon da Turawa ke kira progressive rock. Ni dai rok mai dogon zango nake ce masa, don sakin kiɗan ake yi ya yi ta tafiya yana sauya hanya har minti 20 ko fiye. Na biyun yana da hoton wata lanƙwasasshiyar ƙararrawa tana shawagi a kan teku. Shi ne Tubular Bells na Mike Oldfield, wanda ya fito a 1973. Kawu ya ɗora allura ya ce, "Kasa kunne da kyau. Yaro ne ɗan shekara 19 ya yi wannan, kuma kusan duk kayan kiɗan shi ya kaɗa su." Gefe ɗaya kaɗai ya kai minti 25. Ina kan tabarma ban motsa ba har allurar ta kai ƙarshe. Ranar na ƙulla a raina cewa ni ma sai na yi nawa.

1. Yawan tsirkiya ba ya ƙara magana.

Da na fara aikin a 2013, gudun yatsu ne kawai a gabana. Na yi ta kashe kuɗi a shagon intanet ina kallon Joe Satriani da Steve Vai, har na ci karo da Tosin Abasi, wanda aka haifa a Washington, iyayensa 'yan Najeriya, yana kaɗa jita mai tsirkiya takwas. Ganin ɗan yankinmu a wannan fagen ya ƙara mini ƙaimi. Na shiga adashi don in sayi irin tasa, kuɗin bai kai ba, na haƙura da mai tsirkiya shida da na saya ta hannu a Kumasi. Kowane dare sai na yi awa uku ina horar da yatsu, har kawunansu suka yi kanta, alli ma ba na jin sa sosai in na riƙe a aji.

Da na gama yanki na farko, mai minti tara, na kai wa mahaifiyata. Na same ta a tsakar gida tana tsinke ganyen ayoyo. Na sa mata abin ji a kunne, na tsuguna ina kallon fuskarta. Hannunta bai daina aiki ba. Bayan kamar minti huɗu ta zare kunne ɗaya ta ce, "To, yaushe za a fara waƙar?" Na ce, "Mma, ai babu waƙa, kiɗan ne kawai." Ta ce, "Af, na ɗauka share fage yake yi." Ta miƙo mini abina.

Na ji haushi, kuma a zuciyata na ce ba ta san irin wannan kiɗan ba ne. Wannan tunanin na raina hankalin uwa yana cikin abubuwan da nake kunya har yau. Sai da na shekara kafin na gane tambayarta. Mma mace ce da ta tashi da Ɗan Maraya Jos a rediyo. Kafin ya buɗe baki, daga taɓin kuntigi na farko ta san inda ya dosa. Kuntigi kuwa tsirkiya ɗaya gare shi. King Ayisoba, mutumin yankin Bolgatanga, da kologo mai tsirkiya biyu ya ci kyautar waƙar shekara ta Ghana a 2007, da ita kuma yake zagaya Turai. Ashe ba murya Mma take jira ba, jira take kiɗan ya faɗi wani abu. Nawa kuwa minti tara ya yi yana maimaita abu ɗaya: ku dube ni, ku ga yadda na iya.

2. Wanda ya ce shi kaɗai ya yi, bai ƙirga da kyau ba.

Burina shi ne a rubuta a bayan faifan cewa ni na tsara, ni na kaɗa, ni na naɗa. Maganar Kawu ta zauna mini a kai, na ɗauka kaɗaicin shi ne jarumtar. Sai daga baya na zauna na karanta ƙananan rubutun da ke jikin Tubular Bells. Tom Newman da Simon Heyworth ne suka zauna da Oldfield a situdiyon Manor suna ɗora sauti a kan sauti. Jon Field ne ya busa sarewa, Steve Broughton ya buga ganga, yayar Oldfield, Sally, tana cikin masu amshi. Richard Branson ne ya ɗauki kasadar buɗe kamfanin faya-fayan Virgin da shi. A 1975 kuma, da Oldfield ya zo yin faifansa Ommadawn, sai ya nemo makaɗan Jabula, 'yan Afirka ta Kudu da ke zaune a Landan, su buga masa ganga.

Ni kuwa da ke zaune a Tamale, kwamfuta na sa ta buga mini ganga. Na kafa hujja da cewa faifan Abasi na 2009 shi ma gangarsa ta na'ura ce. Amma shi ba a garin lunsi, makaɗan gangar Dagombawa, yake ba. Nan gari ne da ba a suna, ba a biki, ba a naɗin sarauta sai makaɗan Dagombawa sun zo da lunga a hammata, 'yar'uwar kalangunmu, da gungon, ganga mai amon da ke daka ƙirji. Tun cikin shekarun 1970 wani Ba'amurke, John Chernoff, ya taso takanas ya zauna a gaban Alhaji Ibrahim Abdulai a garin nan yana koyon kiɗa, har ya rubuta littafi a 1979. Abin da shi ya haye teku dominsa, ni ina wuce shi a kan babur da safe, kunnuwana a toshe da kiɗan wata ƙasa.

Na yi ta ƙirƙirar bugu mai bakwai, mai goma sha ɗaya, mai goma sha biyar, saboda na ji an ce mabuɗin Tubular Bells a kan goma sha biyar yake juyawa. A zatona sarƙaƙiya kayan Turawa ce. Wanda ya farkar da ni ɗalibina ne ɗan aji shida, ɗan gidan makaɗa. Wata rana lokacin tara na kunna wani yanki a waya ina duba littattafai. Yaron ya tsaya bakin taga, ya fara taɓa katako da yatsu, hannun dama yana tafiya uku-uku, na hagu biyu-biyu, ya shige cikin bugun nawa ya fita ba tare da ya ƙirga komai ba. Sannan ya ce, "Ticha, gangar nan ba ta numfashi." Gaskiya ya faɗa. Na'ura ba ta kuskure, amma ba ta jira ka, ba ta tsokane ka, in ka yi mata tambaya ba ta amsawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na san karin maganar tun ina yaro, har ina rubuta ta a allo wa ɗalibai.

3. Kowane kiɗa yana da mai shi.

Yaron nan ne ya haɗa ni da wani tsohon mai goge, abokin kakansa. Dagombawa gonje suke ce wa gogen. Bayan bikin Damba na farkon 2015 ne, hunturu ya yi tsanani, ƙura ta rufe gari, wuyan jitata ma ya ɗan karkace saboda bushewar iska. Na same shi zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, gogen a cinya. Ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, gefenta ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekarun da hannu ya yi yana shafarta. Tsirkiyar izgar doki ce, bakan ma haka. Yana goga masa ƙaro a hankali muna gaisawa. Hausarsa irin ta tsofaffin fataken goro ce, mai zaƙi, da kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata.

Na kunna masa abin da na yi a 'yar ƙaramar sifika. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe, bai katse ba. Da ya ƙare ya ce, "Na wa ne?" Na ce, "Nawa ne, M'ba." Ya girgiza kai. "Ba wanda ya kaɗa nake tambaya ba, Ticha. Wa ake kira?" Na rasa amsa. Sunayen da na raɗa wa yankunan duk na Turanci ne, na taurari da sararin samaniya, abubuwan da ban taɓa gani ba sai a bangon faifai.

Bai yi mini dogon bayani ba. Ya ɗaga gogen ya ja baka, wani ɗan gajeren zance ya fita, ya maimaita shi sau uku, bakinsa a rufe. Kafin ya sauke hannu, wata mata daga can cikin gida ta rangaɗa guɗa. Ya ce, "Ka ji? Surukata ce. Gidan ubanta na kira." Tsigar jikina ta tashi. Ba a rera ko kalma ɗaya ba, amma an yi magana, an kuma amsa.

A kan hanyar komawa gida abubuwa suka yi ta dawo mini. Ai wannan shi ne take, kuma da shi aka haife mu. Kakaki da algaita in sun tashi a ƙofar fada, kowa ya san wanda suke ambata. Mahauta suna da kalangunsu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, ɗan dambe yana jin takensa jikinsa ya ɗauki tsuma. A wajen Dagombawa ma, kiɗe-kiɗen rawa irin su Nagbiegu da Naani Goo kirarin sarakunan Yendi ne da aka mayar bisa fata. Dalilin a fili yake: Hausa da Dagombanci harsuna ne masu hawa da saukar murya, shi ya sa ganga ko tsirkiya za ta iya bin sawun zance har mai ji ya gane. Kiɗan da babu waƙa ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da yake baƙo shi ne kiɗan da ba ya kiran kowa. Da na koma na sake ɗora Tubular Bells, sai na lura da abin da na ji sau ɗari ban kula ba: dab da ƙarshen gefen farko, wani mutum, Vivian Stanshall, yana kiran sunan kowane abin kiɗa ɗaya bayan ɗaya kafin ya shigo, tamkar sanƙira a gaban taro. Kuma wurin ne kowa ya fi tunawa.

Na watsar da fiye da rabin abin da na yi. Na koma ina fara kowane yanki daga wata magana da na sani a bakin wani. Yadda mai koko ke tallarta da asuba a layinmu. Yadda yaran mota ke kiran fasinjan Yendi da Salaga a tasha. Yadda Mma ke kiran sunana daga madafa, ta ja gaɓar ƙarshe ta ɗaga ta sannan ta sake ta a hankali. Sai in ɗauki hawa da saukar muryar in nemo su a kan tsirkiya, in bar su su yi tafiyarsu.

Tsohon ya yarda ya zo ɗakina yamma uku muka naɗa tare. A nan ma na yi wani kuskuren. Wuyan jita yana da ƙarafa da suka yanka sauti gida-gida, gogen kuwa ba shi da su, yana sauka a tsakanin gidajen. Na ji kamar ya kauce, na ce masa zan daidaita shi a kwamfuta. Ya dube ni ya ce, "Shekara sittin ina nan wurin. Kai za ka sauko." Dole na koyi tura tsirkiya da yatsa har ta isa inda yake. Daga baya na fahimci abin da ya sa jitar Ali Farka Touré na Niafunké ba ta yi kama da ta kowa ba: shi ma makaɗin njarka ne, ƙaramin gogen mutanen can, kuma ita jitarsa take bi.

4. Abin da ke wuri ɗaya ba ka mallake shi ba tukuna.

Shekarar 2015 ce dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ya fi tsanani a Ghana, har taurarin fim da mawaƙa suka yi tattakin dare a Accra a watan Mayu. Wuta ta zo ta tafi ba sallama. Wani abokina ya sha gaya mini in sayi abin ajiya na biyu in kwafe aikina. Kuɗin da na ware don haka sai na sayi na'urar sauya amon jita da su. Wani dare aka ɗauke wuta, na kwanta ban zare waya daga bango ba. Da aka dawo da ita ta zo da ƙarfi. Ƙaurin roba ne ya tashe ni.

Na kai kwamfutar har Kumasi, mai gyara ya yi kwana huɗu a kanta ya ce babu abin da zai fita. Nawa kiɗan na iya sake shi, yana cikin yatsuna. Yamma ukun nan da tsohon ne suka tafi. Kunya ta hana ni zuwa in faɗa masa, na ce bari sai na sayi wata kwamfutar, bari sai damina ta wuce. Kafin kaka ɗalibina ya zo aji da jajayen idanu ya ce an binne shi jiya. Abin da ya rage mini daƙiƙa 40 ne da na ɗauka a waya ranar farko, ana jin kukan akuya a bayansa. Ban san ko wani ya taɓa naɗar gogensa ba. Wannan asarar ban sami wani alheri a cikinta ba, kuma ba zan ƙirƙiro mata ba.

5. Ɓoyon ya fi laifin ciwo.

Mahaifina malamin zaure ne. Fiye da shekara 30 yana koyar da allo a Zango. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, ɗan malam ba ya shiga cikinta, goge kuma sunansa ya daɗe da haɗuwa da bori a bakin mutane. Malamai sun yi maganganu a kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, ni ba ni da ilimin da zan raba wannan gardama. Abin da na sani shi ne na zaɓi hanya mafi sauƙi: na ce masa lesin nake yi wa yara da yamma. Jitar tana ɗakin Kawu. Mma ta sani, na bar ta da nauyin rufa mini asiri a gaban mijinta shekara biyu, ban taɓa tunanin abin da hakan yake yi mata ba.

Har ma na yaudari kaina cewa tunda babu waƙa babu laifi, ba batsa, ba zambo, ba roƙo. Amma ga abin da nake yi: in aka fara kiran sallar magariba daga masallatan unguwa, sai in tsayar da naɗi saboda kiran yana shiga makirfo, in jira ya ƙare, in ci gaba. Na mayar da kiran salla hayaniyar da ake jira ta wuce. Sau da yawa sai dare ya raba nake haɗa magariba da lisha.

Cikin azumin 2015 wani ya kai wa mahaifina labari. Bayan an sha ruwa ya aika a kira ni zaure. Almajirai sun watse, fitila ɗaya ce a kunne. Na durƙusa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Yaran da kake yi wa lesin, su nawa ne?" Na ce, "Baba, babu su." Ya ce, "Na sani. So nake in ji daga bakinka." Na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, "Ban ce maka abin nan halal ne ba, kuma ba zan sa maka albarka a kansa ba. Amma da ka zo ka faɗa mini, da gardama za mu yi, irin ta uba da ɗa. Yanzu shekara biyu ina yi wa aikin da babu shi addu'a kowace asuba." Wannan jimlar ta ƙarshe ba ta bar ni na yi barci ba.

Bai hana ni ba, bai kuma yarje mini ba. Ni na ɗaukar wa kaina cewa da an ce Allahu akbar zan jingine jita in fita. Har yau bai saurari faifan ba, ni ma ban ƙara roƙonsa ba. Amma in zan fita da yamma yanzu ina faɗa masa inda za ni.

6. Kafin ka leƙa ƙetare, dubi abin da ke hannun maƙwabcinka.

Da aikin ya kammala a 2016 na ranci kuɗi na tafi Accra, tafiyar kusan kilomita 600, aka buga mini CD 300 da bango mai sheƙi. Na aika wasiƙu ta intanet zuwa kamfanoni da mujallun Turai da Amurka, ban sami amsa ko ɗaya ba. Na dawo gida na tarar da abin da ya kamata in gani tun farko: a layinmu kaf gida biyu ne ke da na'urar CD mai aiki. Kiɗan mutane yana cikin memori. A kasuwar Aboabo samari ne zaune da kwamfuta a ƙarƙashin laima suna tura waƙoƙi a waya, daga can kuma Bluetooth ya raba su gari.

Da na waiwaya arewa da na ga hanya. Mdou Moctar, bahagon makaɗin jita daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsince su, ya sa ɗaya a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Sai da mutanensa suka riƙe shi sannan duniya ta zo nema. A nan gida ma, Fancy Gadam da Maccasio da Dagombanci suka tara jama'ar da ta cika filin wasa na Tamale. A lokacin ina ɗaga hanci ina cewa nasu kiɗan rawa ne, nawa na masu tunani. Girman kai ne kawai. Sun san da wa suke magana, ni ban sani ba.

CD 31 na sayar, 57 na bayar kyauta. Daga ƙarshe na ɗauki filash na zagaya wurin masu tura waƙa na ce su zuba wa duk mai so, ba sai an biya ni ba. Bashin Accra sai da na shekara biyu ina biya.

7. Inda kiɗa zai sauka ba kai ke zaɓa ba.

Na yi mafarkin a saurari faifan kamar yadda na saurari na Kawu, a zauna a kan tabarma daga farko har ƙarshe ba motsi. Ban san ko mutum biyar sun yi hakan ba. Abin da ya faru daban ne. Wani mai gabatar da shiri a ɗaya daga gidajen rediyon garin nan ya sami yanki na huɗu a memorinsa, wanda na gina a kan kiran Mma, mafi sauƙi a cikinsu, jita ɗaya da lunga ɗaya da ɗalibina ya kaɗa. Ya mayar da shi shimfiɗar da ake karanta sanarwar rasuwa a kanta.

Ranar da na fara ji raina ya ɓaci. Ba a nemi izinina ba, ba a ambaci sunana ba, ga shi an rage shi ƙasa-ƙasa ana magana a kansa. Har na shirya zuwa in yi ƙorafi. Kawu ne ya tsayar da ni, ya ba ni labarin Mamman Sani na Nijar, mai kiɗan ogan, wanda ya naɗi kaset ɗinsa a 1978. Shekara da shekaru ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasar, mutane suka haddace shi da yawansu ba su san fuskar mai shi ba, sai a 2013 aka sake fitar da shi ga duniya. Ya ce, "Haƙƙinka haƙƙinka ne, in ka so ka bi shi. Amma ka fara tsayawa ka ji me kiɗan yake yi a can."

Na tsaya na ji. Wata rana a cikin yalo-yalo, a-daidaita-sahun garinmu, daga Lamashegu zuwa kasuwa, aka fara sanarwar, direba ya kai hannu zai sauya tasha. Wata dattijuwa da ke gefena riƙe da kwando ta ce, "Ɗana, bar shi. Da wannan aka sanar da maigidana." Ta bi kiɗan da hanci a hankali, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba, har wurin da na tura tsirkiya zuwa inda tsohon ya ce in sauko. Ban ce mata komai ba. Na sauka kafin inda za ni, na ƙarasa da ƙafa.

Mma kuwa ban taɓa gaya mata daga ina yankin ya fito ba. Tun ranar ayoyo ban sake kai mata komai ba. Wata Juma'a da hantsi na shiga gaishe ta, rediyonta yana kan turmi, aka sa shi. Ta ajiye tsintsiya ta karkata kai. Ya zagayo sau ɗaya, ya sake zagayowa. Ta dube ni ta ce, "Wannan ai ni ce nake kiran ka." Na ce, "Ke ce, Mma." Ta yi shiru, mai sanarwa yana jero sunaye da unguwanni da lokacin jana'iza. Can ta ce, "Allah ya sa kai za ka binne ni." Na ce, "Allah ya ƙara nisan kwana, Mma." Ta jawo mini kujera 'yar tsuguno, muka zauna muna saurare, duk sunan da aka kira mu ce Allah ya jiƙansa.